Babaji Injiniya da Kaimi Marar Igiya

A shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa ƙasar nan, lokacin da masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, ɗan kwangila kuwa ya rasa abin saya ya koma sayen dawaki, a lokacin ne Babaji ya dawo Katsina daga Kaduna. Wata goma sha ɗaya ya yi can. Abin da ya yi a waɗannan watanni shi da Allah suka sani, ko da yake wani ɗan kamasho ya rantse ya gan shi yana buɗe wa motoci ƙofa a wani gareji yana rufewa. Amma da ya sauka a tasha, da suma tuli guda a kai, da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, sai ya ce daga yau a riƙa kiran sa Injiniya. Mutanen Ƙofar Guga ba su da rowar suna. Suka ba shi.

Gidan su Babaji gidan ƙira ne tun kaka da kakanni, sai dai shi tun yana ƙarami hayaƙin gawayi ke sa masa ciwon kai, musamman in an ce ya zo ya yi zuga. Wanda ya riƙe maƙerar shi ne ƙanen mahaifinsa, Baba Dabo, tsoho marar yawan magana, wanda duk birnin aka sallama masa wajen ƙera kaimi, ɗan ƙarfen nan da mahayi ke ɗaurawa a dunduniya don ya taɓa cikin doki. Aikinsa ba gaggawa. Sai ya zaunar da mai doki, ya yago kaba ya auna dunduniyarsa, dama daban, hagu daban. Ya zaɓi ƙarfe mai laushi ya buga, ya lanƙwasa shi yadda zai rungumi dunduniya ba tare da ya matse ta ba, ya huda kunnuwa biyu inda baduku zai zura igiyar fata, sannan ya ɗauki magagari ya yi ta gugar tsinin har ya dakushe. Kwana uku yake yi kafin ya gama na mutum ɗaya. Ga shi kuwa sababbin masu kuɗi na unguwar GRA sun sayi dawakin wasan folo, kullum motocinsu na tsaye a bakin lungu suna jiran tsoho ya gama gugarsa.

Wannan jiran shi ya tsaya wa Babaji a rai.

"Baba, kwana uku kan ɗan ƙarhen ga? Mu a Kaduna kwana uku mota guda muke haɗawa, har mu wanke ta."

"Ku wa?"

"Mu injiniyoyi."

"To madalla. Miƙo mani awartaki."

Babaji ya miƙa masa guduma. Baba Dabo ya dubi gudumar, ya dubi Babaji, ya kai hannu ya ɗauki awartakinsa da kansa.

Da surutu ne kawai da ba wanda zai damu, don unguwar ta saba da masu surutu. Amma Babaji aure yake so, so kuma na gaske. Furera ce, wata bazawara a bayan layinsu, ɗiyar Malam Maitama tsohon dillalin dawaki. Mace ce mai hankali da kaifin baki, kuma duk Katsina ita kaɗai ke sauraron labaran Kaduna har ƙarshe, ko da yake dariya take yi tun daga farko. Babaji ya ɗauki dariyar yabo ce, ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba. Matsalar uban ne. Da aka kai masa maganar, cewa ya yi, "Ni ban ba wando ɗiya. In yana da sana'a shi zo ran Juma'a bayan la'asar shi gaida iyayenta, shi riƙo abin da hannunshi ya yi. In babu, akwai direban tanka da ke ta aike." Maganar direban nan ta hana Babaji sukuni, don ya san direban, kuma ya san tankar ta gaske ce.

Ran Laraba Baba Dabo ya tafi Batsari duba wani surukinsa marar lafiya. Ya ce sai Juma'a zai dawo, kuma daga masallaci zai zarce gidan Malam Maitama, su haɗu can. Ƙafarsa ba ta gama fita daga lungun ba Babaji ya garzaya wurin abokinsa Ɗanladi mai facin taya.

"Ɗanladi, mi ke ɓata ma mahayi lokaci?"

"Doki."

"Igiya! Ɗaura, kwance, ɗaura, kwance, kamar mai goyo. Ni da sifirin mota zan ƙera kaimi. Ka tura shi kawai, shi kama dunduniya da kanshi, ƙyas! Ba baduku, ba aune-aunen kaba, girma ɗaya ya ishi kowa. Na hwarko na Malam Maitama ne. Sauran na GRA, har su riƙa layi."

"In an tashi cirewa hwa?"

"Kai matsalarka ke nan. Aiki ake magana, kana maganar tashi daga aiki. Kawo injinka gobe."

Ran Alhamis da hantsi aka fara. Babaji ya dubi zugazugin Baba Dabo, fatun akuya biyu da suka sha shekaru, ya ture su gefe da ƙafa. Ya sa Ɗanladi ya gungura sabon injinsa na ba taya iska har ƙofar maƙera, aka zura tiyo cikin bakin wuta. "Buɗe duka," in ji Injiniya. Ɗanladi ya buɗe duka. Wutar ba kamawa ta yi ba, tashi ta yi. Garwashi da toka suka yi sama, suka tsallake katanga, suka sauka a tsakar gida inda Gwaggo Indo, yayar Baba Dabo, ta shanya sabuwar atamfarta kusa da garin kuka.

Ba a jima ba sai ga Gwaggo da atamfar a hannu, ta ɗaga ta tana leƙen Babaji ta cikin hujin da ya ƙone.

"Wane ɗan albarka ne ya yi mani ruwan wuta?"

"Gwaggo, gwaji ne. Ko a Kaduna in za a hwara babban aiki..."

"Kar ka ƙara ce mani Kaduna! Turmi guda, ko ɗinkawa ban yi ba, ga huji bakwai. Kukar miyata ta koma toka. Ubanka shekara talatin yana ƙira bayan katangar ga, ko tsumma bai taɓa ƙona mani ba."

"Shi ya sa bai yi suna ba, Gwaggo."

Muciyar da ta biyo bayan wannan magana a kafaɗa ta same shi.

Aka mayar da injin iska, aka jawo fatun akuyar da aka wulaƙanta, Ɗanladi ya zauna zuga yana ƙunƙuni. Sifirin mota kuwa ba ƙarfen garma ba ne. Babaji ya buga, ƙarfe ya yi tsalle. Ya sake bugawa, guduma ta kuɓuce ta fita ta ƙofa, wata kaza ta tsira da ƙyar. Haka dai, da gumi da ƙona yatsu, wajen la'asar aka sami wasu abubuwa biyu masu kama da kaimi in an dube su daga nesa. Ya lanƙwasa bakunansu ciki kamar ƙugiya don kada su zame. Tsinin kuwa ya bar shi tsawon ɗan yatsa, ya wasa shi har yana ɗaukar ido.

"Baba Dabo dakushewa yake yi," in ji Ɗanladi.

"Tsuhwa ne. Hannunshi bai iya hidda tsini kuma, shi ya sa yake cewa da gangan ne."

Saura sanyaya ƙarfe. Baba Dabo cikin toka yake binne nasa ya huce a hankali, don ya kasance ana iya buɗa shi da hannu in ya matse mai shi. Babaji ya ce wannan aikin mata masu gasa dankali ne. Ya kawo gwangwanin baƙin mai, ya mai da kaimin wuta har suka yi jawur, ya tsunduma su ciki, ya kuma leƙa fuskarsa don ya ga yadda ilimi ke aiki. Ilimi ya taso masa da harshen wuta. Kafin Ɗanladi ya kifa masa tulun ruwa, rabin sumar nan ta Kaduna ta tafi, unguwa duk ta ɗauki ƙaurin babbaka. Dole wanzami ya kwashe sauran. Babaji ya shaida wa masu kallo cewa dama yayin suma ya wuce a Kaduna tun watan jiya.

Safiyar Juma'a ya naɗe kaimin cikin jarida ya nufi teburin mai shayi, inda rabin mazan unguwar ke karyawa. Bai iya jira har la'asar ba. Ya hau benci ya yi bayani mai tsawo a kan igiya da illolinta, sannan ya cire silifa, ya ɗora ƙafarsa ta dama, ya ce Ɗanladi ya tura.

Ɗanladi ya tura, bai shiga ba. Ya sa gwiwa ya danna, bai shiga ba. Ya karɓi ƙotar gatarin mai shayi ya buga ta baya. Ƙyas! Kaimi ya shige ya cafke dunduniya. Hawaye ya ciko idon Babaji, ya ce hayaƙin shayi ne. Aka buga na hagu. Ya sauko ya yi taku har bakin titi ya dawo, ƙirji gaba, tsini biyu suna walƙiya a bayansa. Wallahi a wannan ɗan lokacin har mutane sun fara gyaɗa kai.

"Jama'a, kun ga ɗaurawa. Yanzu ku ga cirewa. Kar wanda ya ƙihta ido."

Ya duƙa ya ja. Ya sake ja. Ya yi murmushi ya ce sabo ne, bai saba da mutane ba. Ɗanladi ya ja, Babaji ya yi wani sauti da ba a taɓa ji daga bakin injiniya ba. Ƙugiyoyin nan da ya yi don kada kaimi ya zame sun yi aikinsu yadda ya kamata.

Nan aka shiga kawo dabara. Aka shafa sabulu. Aka zuba man gyaɗa. Labari ya kai cikin gida, sai ga Gwaggo Indo da kwanon karkashi mai yauƙi da kujerarta ta tsuguno, ba don tausayi ba, don ta sami wuri a gaba.

"Ku zuba mashi, ku zuba da yawa. In bai hita ba a kawo tuwo, kar miya ta tahi a banza."

Bai fita ba. Aka ɗauko magagarin Baba Dabo, ya yi ta santsi kan ƙarfen yana kuka, ko ƙwarzane bai yi ba. Ɗanladi ya kawo zarto, haƙoran zarton suka zube. Wani tsohon soja ya ce a ƙasar da ya yi yaƙi in ƙarfe ya gagara wuta ake sa shi.

"Da ƙahwar ciki?" in ji Babaji.

"To ai ba ka ce a cire ƙahwar ba."

Mai shayi ya ce shi dai murhunsa a shirye yake.

Kafin azahar dunduniyar ta kumbura ta rufe bakin ƙarfen, har babu inda za a zura ko allura. Babaji bai sami zuwa Juma'a ba, a gida ya yi sallarsa zaune kan turmi da ƙafafu a miƙe. Gwaggo, da fushinta ya ɗan huce, ta ce a aika gidan Malam Maitama a ce ba shi da lafiya, ai ba ƙarya aka yi ba. Babaji ya hango tankar nan a ransa, tsaye a ƙofar gidan su Furera. Tsoro ne ya kama shi na gaske, amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Injiniya bai ɗaga alkawari. Wandon ga zai ruhe komi. In gaishe su a gurguje, in ce kayan suna wurin fenti, in hito."

Ya zura babbar riga a kan wandon Kaduna, ya hau bayan babur ɗin Ɗanladi. Ba su yi nisa ba suka zo wata kwana, wata sabuwar mota ta fito a guje, Ɗanladi ya kauce. Babaji ya tsorata ya matse ƙafafunsa biyu da ƙarfi, kamar yadda kowane mahayi ke yi. Babur kuwa ba doki ba ne, bai ƙara gudu ba. Tayar baya ce ta yi fuuu ta kwanta.

Ɗanladi ya sauka ya duba. "Huji biyu. Dama da hagu."

"Ka ga inganci ko? Taya sabuwa, bugu ɗaya."

"Tayata ce, Babaji."

Sauran hanyar a ƙasa suka yi ta, Ɗanladi na tura babur, Babaji na tafiya a kan yatsu, ƙafafu a ware don kada tsinin dama ya gaisa da idon sawun hagu. Duk wanda ya tambaye shi lafiya, sai ya ce sabon takalmi ne. Ba wanda ya ga takalmin.

A zauren Malam Maitama dattawa biyar ne zaune kan tabarmi, ga ƙwaryar fura da farantin goro a tsakiya. Baba Dabo na cikinsu, ya zo daga masallaci bai san komai ba. Tsohon dokin mai gidan, wani akawal da ya fara furfura a baki, yana ɗaure a turke daf da ƙofa. Sai da Babaji ya sa ƙafa a bakin zauren sannan ya tuna abin da duk ɗan Katsina ya sani tun kafin ya iya magana. Mai neman aure ba ya gaida iyayen mace a tsaye. Tsugunawa yake yi har mazaunai su sauka kan dunduniya, kai a ƙasa, kuma ba ya tashi sai babba ya gama. A nan kuwa babba ba ya gamawa da wuri.

Ya ɗan rusuna daga tsaye. "Sannunku da hutawa."



"Soja aka aiko mamu?" in ji Malam Maitama.

Baba Dabo bai ɗaga murya ba. "Babaji. Ƙasa."

Jiki ya riga hankali. Babaji ya zube yadda aka koya masa tun yana yaro, duka ɗaya. Tsini biyu suka karɓe shi. Ya zabura sama yana cewa, "Wayyo Allah... shi ja kwana, Malam! Allah shi ja kwana!"

"Amin," in ji Malam Maitama, yana kallonsa ta wutsiyar ido. "Addu'ar Kaduna da ƙarhi take."

Babaji ya sake sauka, wannan karon a hankali, ya gano dabara. Ya tsaya kan yatsun ƙafa, ya dakatar da mazaunansa a sama, tsakaninsu da tsini bai fi faɗin yatsa biyu ba. Babbar riga ta rufe asiri. A haka ya gaida Malam Maitama, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya Juma'a, ya ibada. Ya ja jiki ya gaida na biyu da na uku. Cinyoyinsa suka fara rawa. Ya ce a ransa saura ɗaya, don Baba Dabo na gida ne.

Ɗayan da ya saura shi ne Alhaji Mamman, yayan Malam Maitama, tsoho mai jiki da nauyin hannu, wanda kunnensa ya yi ritaya tun kafin a canza kuɗi. Alhaji Mamman na son gaisuwa yadda wasu ke son nama.

"Ina wuni, ɗana?"

"Lahiya lau, Alhaji."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya gida? Ya mutanen gida? Ya Indo? Ya ƙahwar tata?"

"Da sauƙi, Alhaji."

"Ya Dabo?"

"Ga shi nan kusa da kai, Alhaji."

"Madalla, ka gaishe shi. Ya Kaduna? Ya ruwa can? Akwai wani Sammani mai gyaran agogo kusa da tashar jirgi, yana nan?"

"Ya rasu, Alhaji," in ji Babaji, wanda bai taɓa jin sunan mutumin ba, yana fatan mutuwa ta gajarta zance.

"Ka ce mi?"

"Ya rasu!"

"Ya ƙara aure? Kai, Sammani! To madalla. Ina muka tsaya? Ina wuni, ɗana?"

Gumi ya fara ɗiga daga sabon askin Babaji yana sauka kan tabarma. Aka sake bin gida ɗaki ɗaki, aka sake duba ƙafar Gwaggo, aka sake aika gaisuwa ga Baba Dabo da ke zaune a wurin. Da aka iso Kaduna sai wani ya yi tari, Alhaji ya ɓata lissafi, ya koma farko. Gwiwoyin Babaji yanzu kaɗawa suke har babbar rigar na motsi. Dattijon da ke gefe ya raɗa wa na kusa da shi cewa yaron akwai kunya, dubi yadda yake rawar jiki gaban manya. A karo na uku Babaji ba ya ma jin tambayoyin, lahiya lau kawai yake zubawa, idonsa a rufe, yana kiran sunan Furera a zuci.

Daga ƙarshe Alhaji Mamman ya gamsu. Fuskarsa ta cika da fara'a.

"Yaron kirki. Yaran yanzu ba su tsayawa a gaisa. Matso in sa maka albarka."

Ya ɗora tafukansa biyu a kan Babaji, ya danna da dukan zuciyarsa.

Ƙarar da Babaji ya yi har bakin kasuwa an ji ta. Ya tashi sama, kaimin hagu ya kamo gefen tabarma ya fizge ta daga ƙarƙashin dattawa biyu. Ƙwaryar fura ta kife kan cinyar Malam Maitama, goro ya watse. Babaji ya yi waje da gudu, tabarma na binsa, ya juya ya ga abin da ke binsa, kaimin dama ya harɗe cikin babbar riga, ya tafi rub da ciki a gaban turken doki. Dokin ya ja da baya ya yi haniniya. Ƙafafun wandon Kaduna suka zame har gwiwa, ga tsini biyu a sama suna ƙyalli, ga mutanen layi sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, har da Gwaggo Indo da ta biyo sawu da kujerarta.

Malam Maitama ya fito, fura na ɗiga daga rigarsa. Ya duƙa ya ɗaga ƙafar Babaji yadda yake ɗaga kofaton dokin da aka kawo masa sayarwa, ya juya ta, ya duba ƙugiyar, ya taɓa tsinin da babban yatsa. Jini ya fito a yatsan.

"Wannan ne abin da hannunka ya yi?"

"Na gwaji ne, Malam. In aka yi fenti..."

"Wa ka ƙera mawa?"

Ɗanladi, da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Kai, Malam. Kyauta ce."

Masu dariya suka daina, don fuskar tsohon ta canza. Ya dubi dokinsa, ya dubi yatsansa.

"Shekara sha tara ina hawan dabbar ga, ban taɓa hidda mashi ɗigon jini ba. Taɓa shi nake yi, shi san abin da nake so. Kai kuma mashi ka ƙera mani in soke shi da shi." Ya saki ƙafar ta faɗi. "Dabo, ɗauke ɗanka. Gobe a aika ma direba."

Babaji ya nemi Kaduna a bakinsa ya rasa. Yana kwance, fuska cikin ƙasa, ya ce da wata ƙaramar murya da ba wanda ya san yana da ita, "Malam, ban iya ba. Wallahi ban iya ba. Amma don Allah kar a aika ma direba."

Sai aka ji murya daga bayan ƙyauren zaure. Furera ce.

"Baba, in yi magana?"

"Ba a tambaye ki ba."

"Na sani. Ta hujin ƙyaure nake kallo tun shigowarshi. Gaisuwar Baba Alhaji sau uku ya ɗauka a bisa ƙarhen ga bai tashi ba. Mu da muke lahiya sau ɗaya muke yi mu gudu. Direban nan kuwa in ya zo ko daga mota bai sauka, hon yake mani."

Dariya ta sake ɓarkewa, har Baba Dabo sai da ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na motsi. Malam Maitama ya yi ƙoƙarin riƙe fushinsa, fushin ya ƙi tsayawa. Ya share furar da ke gemunsa.

"Ke za ki yi zaman auren, ba ni ba. To ka ji, Injiniya. Wata uku. Ka zauna gaban Dabo ka koya, daga zuga. Ka ƙera wani ka kawo. Amma kahin shi kusanci dokina, kai za ka ɗaura shi, ka tsuguna a zauren ga, ka zauna a kai sosai, Alhaji shi gaishe ka tun daga hwarko har ƙarshe. In ka tashi kana murmushi, na ba ka."

"An ce mi?" in ji Alhaji Mamman daga cikin zaure.

"An ce za ka ƙara gaisawa da yaron!"

"Madalla! Yaron kirki."

Tafiya ba ta yiwuwa, zama kuwa ba a maganarsa. Aka aro kurar wani mai dakon hatsi aka kwantar da Babaji rub da ciki, ƙafafu a sama, aka nufi maƙera inda Baba Dabo ya ce zai san yadda zai raba shi da fasaharsa. Ɗanladi na turawa, jama'a na biye, Gwaggo Indo na gaba tana buɗe hanya tana ba duk wanda ya tambaya labari tun daga atamfa. Sun yi rabin layi ba wanda ya ji bakin Babaji, har Ɗanladi ya fara damuwa. Can sai ya ɗago kai, ya tofar da ƙasa, ya waiwayo.

"Ɗanladi, ka dai ji da kunnenka ko? Babban dillalin dawaki na Katsina, gaban shaidu. Ko wuni kayan ba su yi a kasuwa ba, har an ba ni oda ta biyu."

Baba Dabo na tafe a baya, hannuwa a goye.

"Awo, Injiniya," in ji shi. "Kuma kai ne dokin."